Mai-Alli da Gyaran da Ya Shekara Ashirin da Bakwai a Kan Allo

Haihuwa da iyaye

An haifi marigayi Mai-Alli a shekarar 1949, a wani gari da layin dogo ya raba biyu, a gida na uku daga famfon unguwa. Mahaifinsa ma'aikacin tashar jirgin ƙasa ne, shi ke buga ƙararrawa idan jirgi ya tunkaro, mahaifiyarsa kuwa tana wanki da guga a cikin gida. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma shi kaɗai ya zauna a garin har ƙarshen rayuwarsa. Game da watan haihuwarsa akwai saɓani. Yayarsa ta ce da damina ne, takardar makaranta ta ce watan Janairu, shi kuma idan aka tambaye shi sai ya ce lallai yana wurin, amma bai lura ba.

Laƙabin Mai-Alli daga baya ya same shi, ya kuma danne sunansa na asali har wasu jikokinsa ba su san yana da wani ba. Ya samo shi ne daga allon da ya kafa a ƙofar shagonsa, inda ya yi shekara arba'in da tara yana rubuta al'amuran yau da kullum tare da sharhinsa a kansu, kama daga siyasa da lafiya har zuwa sababbin na'urori. Abin da ya fi tsoro a duniya shi ne a ce allon nan ya yi ƙarya. Sau ɗaya hakan ta faru, kuma bayaninta zai zo a wurinsa.

Karatu da koyon sana'a

A shekarar 1956 aka sa shi makarantar firamare, ya kammala a 1962. Ba a san shi da ƙoƙarin lissafi ba, amma rubutunsa yana da kyau ƙwarai, har malaminsu ya ɗora masa aikin rubuta kwanan wata a allo kowace safiya. A farkon 1963 mahaifinsa ya rasu bayan gajeruwar jinya, saboda haka maganar ci gaba da karatu ta tsaya. Kawunsa ya kai shi wurin wani mai gyaran rediyo kusa da tasha domin ya koyi sana'a, ya kuma zauna a hannunsa shekara takwas.

A wannan shago ka'ida ce idan an gama gyaran rediyo a murɗa ta tasha-tasha a tabbatar tana kamawa, kuma shi aka bar wa wannan aiki. Ta haka ya riƙa jin labari ɗaya daga bakin tashoshi huɗu ko biyar a yini guda, ya lura cewa kowace da inda take ƙarawa da inda take tsallakewa. A shekarar 1969, lokacin da aka ba da labarin mutane sun sauka a duniyar wata, gardama ta kaure a shagon har ta kai kwana uku. Maigidansa ya rantse ƙarya ce. Shi kuwa, da yake yaro ne mai kunya, sai da aka tambaye shi sannan ya ce ya ji labarin a tashoshi uku na ƙasashen da ba sa ga maciji da juna, kuma idan maƙiya uku suka faɗi magana ɗaya to ta kusa zama gaskiya. Maigidan ya ce da shi, “Kai da aka kawo ka koyon gyaran rediyo, ashe gyaran maganar manya ka zo yi?” Amma daga ranar, duk wanda ya zo da gardamar labari wurinsa ake turawa.

Buɗe shago da kafa allo

A watan Maris na 1971 ya buɗe shagonsa a bakin titin da ya nufi kasuwa. Ɗaki ne ƙarami mai taga ɗaya, da tebur mai aljihu uku, da kanta cike da rediyoyin da masu su suka manta da su, da ƙarfen narka dalma wanda ya riƙe har ya rasu. A waje akwai benci ƙarƙashin rumfar kwano. Jikin shagon akwai wani mai aski, sa'ansa, wanda ya zama amininsa kuma abokin tsokanarsa na tsawon rai.

Ba a jima ba benci ya zama wurin tambayar labari. Kowa ya zo wucewa sai ya leƙa ya ce, “Yau me duniya ke ciki?” har aiki ya nemi gagararsa. A 1974 mai aski ya ce masa, “Malam, bakinka zai ƙare kafin dalmarka. Ka rubuta musu mana, kowa ya karanta ya ba mu wuri.” Sai ya samo tsohon ƙyaure, ya shafe shi da baƙin fenti, ya kafe shi a bango tsakanin shagunan biyu.

A ƙarshen wannan shekarar ya lura mutane suna cakuɗa labari da ra'ayinsa, suna kai duka gida a matsayin abin da rediyo ta faɗa. Saboda haka ya kawo tsarin da ya shahara da shi, na alli kala uku. Farin alli na abin da ya tabbatar ne, ko dai ya gani da idonsa ko ya ji daga baki uku da ba su haɗu ba. Rawaya na abin da ya ji ne amma bai tabbatar ba. Shuɗi kuwa ra'ayinsa ne, wanda ya ga dama ya ɗauka, wanda bai ga dama ba ya bar masa kayansa. Ya ƙara da wata ka'ida: idan ya yi kuskure a kan wani mutum, zai rubuta gyara a saman allo, kuma ba za a goge gyaran ba sai wanda aka ɓata ya ce a goge. A shekara ashirin na farko, gyara mafi daɗewa kwana huɗu ya yi.

Aure da iyali

A 1976 ya auri 'yar wani kafinta da ke bayan layinsu, mace mai ɗinki, wadda unguwa ke kira Mai-Keke saboda keken ɗinkinta. Lokacin auren ba ta iya karatu ba. A jikin allon ta koya, harafi-harafi, idan ta kawo masa abincin rana, kuma cikin shekara biyu ta zama ita ce mai fara karanta shi da mai fara kushe shi. Allah ya ba su 'ya'ya biyar tsakanin 1977 da 1990, duk sun rayu.

Iyalinsa sun adana wasu daga cikin rubuce-rubucensa na wannan zamani a littafin makaranta. Akwai wanda ya rubuta da fari cewa an zuba wa titin kasuwa kwalta kwana tara kafin zaɓe, a ƙasa kuma da shuɗi: “Da duk wata ake zaɓe, da mun huta da taɓo.” Akwai na ranar da ya rubuta da fari cewa likitoci sun ce yawan gishiri yana kawo hawan jini, da shuɗi kuma: “Matata ta karanta. Ku sa ni a addu'a.” Da talabijin ta yawaita a gidaje, ya rubuta cewa rediyo kunne kawai take karɓa ta bar wa mutum hannunsa ya yi aiki, wannan kuwa har ido da mazauni take so.

An taɓa samun wani mai neman kujera da ya aiko a rubuta da fari cewa shi ne ya fi cancanta. Mai-Alli ya mayar da amsa cikin ladabi cewa cancanta ba a ganinta sai an hau, saboda haka a jira. Bai shiga jam'iyya ba har ya rasu, kuma kowane ɓangare ya zarge shi da goyon bayan ɗayan, abin da yake ɗauka a matsayin shaidar cewa yana kan hanya.

Kuskuren shekarar 1994

A ƙarshen titinsu akwai ƙaramin asibitin unguwa, inda ake yi wa yara allurar rigakafi kowace Talata. Mai kula da shi wata ma'aikaciyar jinya ce da kowa ke kira Sista, mace mai tsare gida, mai tsabta, wadda ba ta da yawan magana.

Wata safiyar Litinin cikin watan Yuni, wani mutum da ya kawo gyaran rediyo ya shaida masa cewa firjin asibitin ya mutu kwana uku, maganin rigakafi ya lalace, amma Sista ta yi shiru za ta ci gaba da yi wa yara. Baki ɗaya ne, saboda haka labarin rawaya ne. Sai dai da ya jawo aljihun tebur ya tarar rawayan ya ƙare, shagon kayan makaranta kuma bai buɗe ba tukuna. Ganin gobe Talata, ya ɗauki fari ya rubuta, da niyyar ya bi kansa da rawaya da zarar an buɗe shago. Kafin nan aka zo aka tafi da shi gyaran lasifikar wata makaranta a hayin dogo, bai dawo ba sai la'asar. Yinin ranar duka labarin yana kan allo da fari, kuma mutanen unguwa sun shekara ashirin suna sanin abin da fari yake nufi.

Washegari mata uku ne kawai suka kai 'ya'yansu, a wurin da aka saba ganin arba'in. Magana ta kai sama, aka turo masu bincike, aka dakatar da Sista wata biyu. Binciken ya nuna firjin ya mutu da gaske, amma a cikin sa'ar da ya mutu ta kwashe maganin a akwatin ƙanƙara ta kai babban asibiti da ƙafarta, kuma akwai sa hannun wanda ya karɓa. Aka mayar da ita bakin aiki. Sai dai tsoro ya riga ya shiga gidaje, kuma a ƙarshen shekarar ƙyanda ta kama yara goma sha ɗaya a layin. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba, amma 'yar autar mai aski ta tashi kunnenta na hagu ba ya ji.

Mai-Keke ta ce bayan wannan abu, kwana bakwai bai taɓa alli ba, abinci ma sai an matsa masa. A rana ta takwas ya rubuta gyara a saman allo da manyan baƙaƙe, cewa shi Mai-Alli ya rubuta jita-jita da farin alli, cewa Sista ba ta yi laifin komai ba, kuma maganin asibitin lafiyayye ne. Sannan ya bi gidajen layin ɗaya bayan ɗaya yana faɗa da bakinsa. Da ya je wa mai aski, sai shi ya tare shi da cewa, “Kai ka rubuta, ni na hana uwar yarinyar kai ta rigakafi. Zauna in rage maka suma, kanka ya yi nauyi.” Ba su sake tayar da maganar ba.

Wurin Sista abin bai zo da sauƙi ba. Ya same ta tana wanke hannu a bakin famfon asibiti, ya ba ta haƙuri a gaban mutane. Ta saurare shi har ya gama, ta goge hannunta, sannan ta ce, “Malam, na ji. Wannan ban haƙurin naka da wane alli ka rubuta shi?” Ta shige ciki. Daga ranar ta canza hanya, ta riƙa zagayawa ta bayan kasuwa don kada ta bi ta gaban shagon.

Shekarun da gyara ya zauna

Tun da Sista ba ta ce a goge ba, gyaran ya zauna. Ya cinye kusan rubu'in allon, kuma da yake alli ne, feshin ruwa da kafaɗun masu zama suna cinye shi, sai ya riƙa sabunta shi duk safiyar Asabar kafin ya taɓa wani aiki. Babban ɗansa ya taɓa ba shi shawarar a rubuta da fenti a huta. Ya ce abin da aka rubuta da fenti mai shi mantawa yake yi. Duk Litinin kuma yana rubuta tunatarwar ranar rigakafi da fari, bayan ya tura matarsa ta ga firjin yana aiki. Cikin shekara biyu layin Talata ya dawo yadda yake, har ya fi.

Wani abu da ya ɗauka tun daga lokacin shi ne sayen rawayan alli. Duk farkon wata sai ya sayi kwali ɗaya, ko da na baya bai ƙare ba. Mai aski yakan ce, “Ga mai gadin rawaya nan. Ranar da duniya ta tashi, kai kaɗai za a samu da shiri.”

Ban da wannan, shekarun sun kasance na kwanciyar hankali. Ya aurar da 'ya'yansa, ya ga jikoki, ya ƙara ɗaki biyu a gidansa, aikin shago kuma bai yanke ba. Idan hanya ta haɗa shi da Sista yakan gaishe ta, takan amsa gwargwadon wajibi. Bai taɓa aika kowa ya roƙe ta ba. A 2012 ta yi ritaya, gyaran yana nan.

Zamanin wayar hannu da tsufa

Da wayar hannu ta cika gari, gyaran rediyo ya ja baya, kuma mutane da yawa sun ɗauka allon ya zo ƙarshe, tun da kowa yana da labarai a aljihunsa. Akasin haka aka gani. Labari ya yi yawa har ya rasa mai tacewa, sai aka koma kawo masa waya ana cewa, “Baba, duba mana wannan, wane alli ne?” Yakan sa tabarau, ya tambayi wa ya aiko, shi kuma wa ya aiko masa, har a kai inda ba wanda ya sani. Maganar ta shiga bakin unguwa, ta kai idan yaro ya kawo wa uwarsa zance takan ce, “Da fari ko da rawaya?” Game da wayar kanta ya rubuta da shuɗi cewa na'ura ce mai albarka, aibinta ɗaya, komai da alli iri ɗaya take rubuta shi.

Daga 2018 hannunsa ya soma rawa, sai Mai-Keke ta karɓi rubutun, shi yana faɗa daga kan benci. Gyaran saman allo ne kaɗai bai yarda kowa ya rubuta masa ba, ko da zai ɗauke shi rabin sa'a.

Shekarar 2021

Bayan annobar da ta rufe duniya a 2020, aka kawo allurar rigakafinta asibitin unguwa a shekara mai biye, jita-jita kuma ta cika wayoyi. Saboda ƙarancin ma'aikata aka roƙi Sista ta dawo ta taimaka. Ranar farko ba kowa a layi sai mutum ɗaya, Mai-Alli, yana da shekara saba'in da biyu, da sandarsa, ya naɗe hannun riga tun daga gida.

Sista ta dube shi ta saman tabarau ta ce, “Firjin yana aiki. Ko sai ka duba?”

Ya ce, “Idan ba damuwa, zan duba.”

Ya shiga, ya buɗe, ya sa hannu ya ji sanyi, ya karanta ma'aunin da ke jiki, sannan ya dawo ya zauna ta yi masa allura. Wasu sun ce ta yi murmushi, wasu sun ce ba ta yi ba, saboda haka wannan da rawaya yake. Abin da ya tabbata shi ne ya koma ya rubuta da fari, da hannunsa mai rawa, cewa ya ga firjin, an yi masa allurar, ga shi kuma a kan benci duk mai shakka ya zo ya gan shi. Mutane suka yi ta zuwa kallonsa kwana uku, mai aski yana cewa a bi layi kada a tsorata shi. A mako na biyu sai da aka ƙaro benci a asibiti.

Ranar Asabar ta ƙarshen wannan watan, yana tsaye yana sabunta gyaran, Sista ta biyo ta gaban shagon a karo na farko cikin shekara ashirin da bakwai. Ta tsaya ta karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Ta ce, “Har yanzu wannan abu yana cin wuri?” Ya ce mai shi ba ta ba da izini ba. Ta ce, “Miƙo tsumman.” Ta goge da hannunta, ta karkaɗe, ta zauna a benci ta tambayi Mai-Keke lafiyar jikoki. Mai-Keke ta ce ranar ya ci abinci har ya nemi ƙari, bai ma yi ƙorafin gishiri ba. Wurin da aka goge bai sake rubuta komai a kai ba, ya ce a bar shi ya sha iska.

Rasuwa

A farkon 2023 ciwon hawan jini ya kwantar da shi. Ya yi jinyar mako biyar a gida, kuma Sista ce take zuwa auna shi duk bayan kwana biyu. Ya rasu da hantsin ranar Laraba, 15 ga Maris, yana da shekara saba'in da huɗu a lissafin takardar makaranta, a ɗakinsa, matarsa da 'ya'yansa uku suna wurin. An yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa bayan azahar a maƙabartar hayin dogo, kusa da mahaifinsa. Jama'ar da ta raka shi ta cika titin tun daga shago har asibiti.

Da aka dawo, Mai-Keke ta rubuta sanarwar rasuwar da fari. Mai aski ya ce ya kamata a ƙara cewa marigayi mutum ne mai gaskiya, ya kuma ɗauko shuɗi, domin a ka'idar mai allon yabo ra'ayi ne. Sista tana zaune a gefen benci. Ta tashi ta ce, “Ajiye wannan. Ba ni fari.” Ta rubuta yabon a saman allo, a wurin da gyaran ya zauna.

Ya rasu ya bar matarsa Mai-Keke da 'ya'ya biyar: Babba, wanda yake tuƙin motar asibiti, Malama, mai koyarwa a firamaren da mahaifinta ya yi, Injiniya, wanda ya gaji shagon ya mayar da shi na gyaran waya, Iya-Ƙarama, mai ɗinki kamar mahaifiyarta, sai Auta, ma'aikaciyar jinya, wadda ta auri ɗan mai aski. Ya bar jikoki goma sha tara. A ƙarƙashin teburin shago an tarar da kwalin rawayan alli ɗari biyu da sittin ba a buɗe ba, aka raba wa makarantun unguwa, aka rage goma saboda allon, domin Mai-Keke tana ci gaba da rubutu. Layin da Sista ta rubuta yana nan, kuma duk safiyar Asabar takan zo ta sabunta shi.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya sa abin da aka rubuta masa a can ya zama da fari.